Gizon da ke ƙarƙashin gadon Inna

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kawo ni aure Agadas daga Damagaram, a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar gero. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, ta dube ni sama da ƙasa ta sa mini suna Baƙuwa. Damina ta zo ta wuce, sunan bai sauka ba. Abin yana ci mini rai, don ni so nake in zama 'yar gida.

Inna tana da gadon icce da ta zo da shi daga Ingal. Da zafi ya shigo sai a fito da shi tsakar gida, nan take wuni. Kowace ƙafa tana cikin gwangwanin toka saboda gara da kunama, ranar Juma'a kuma a yi masa hayaƙin kashin raƙumi. Kowane ƙwaro hukuncinsa takalmi ne, ban da gizo-gizo. Inna ta ce shi ya yi saƙa a bakin kogo ya ɓoye Annabi, don haka a gidanta ba a kashe shi. Da ludayi ake ɗaukarsa a kai shi waje.

Wa aka ba aikin? Baƙuwa mana, ni da ko zanensa na gani sai jikina ya yi yar. Kullum da safe in durƙusa in lallaɓo wani ƙato mai gashi daga ƙarƙashin gadon. Ƙofar gida ta yi mini nisa, sai in yi ɗage in juye shi bayan katanga. Washegari ga shi ya dawo, kamar mai gado a gidan.

Ashe bayan katangar nan gadon maƙwabciyarmu yake, wata tsohuwa mai saƙar tabarma. Ita ma ba ta kisa, ita ma tana da ludayi.

Wata safiya ludayina da nata suka yi karo a kan katanga. Ta leƙo tana huci.

"Inna! Ashe baƙuwarku ce ke zubo mini gizo?"

Na ce a raina yau kam sai Damagaram.

Inna ko tashi daga gadon ba ta yi ba.

"Wace baƙuwa? Ɗiyata ce. Gizon kuwa naku ne, maido muku take yi."

Ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, kai shi ƙofa, kar ya gaji."

Na kai shi har bakin titi, ina tafe ina hawaye, ina yi masa sannu.