Shirwar Kaka Ladi Biyu Ce

Ranar da na buɗe jerin sunayen tsuntsaye guda biyu a ofis, wallahi saura ƙiris in kife daga kujera, ni da tumbina gaba ɗaya. Oga ne ya ce in daidaita su saboda rahoton tsuntsayen Abuja. Jeri ɗaya ya ce shirwa jinsi ɗaya ce mai rassa. Ɗayan ya raba ta: mai baƙin baki daban, mai rawayan baki daban. Ban san sanda na ce, "Innalillahi! Kaka Ladi!" ba.

A ƙauyenmu can bayan Bwari, da an kora kaji akurki sai mu zagaye murhun kakarmu Ladi, tana gasa doya. Wani maraice ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku ba ta hanya." Wai shirwa biyu ne maƙwabtan juna. Ɗaya ta saci manjan wata tsohuwa, bakinta ya rine ya zama rawaya, ta zauna abinta ta yi sheƙa a kan ɗorawa. Ɗayar ta rantse ba za ta saka ƙwai a ƙasar ɓarayi ba, ta haura hamada, sai da rani take leƙowa.

"To ran da suka haɗu a bakin rafi, sai mai baƙin baki ta ce..."

Nan na tsoma nawa bakin. Ina aji biyar, ilimi ya kumbura min kai har hula ba ta shiga. "Kaka, littafinmu ya ce shirwa ɗaya ce."

Ta juya doyarta. "Maigidana ɗan boko, littafin naku ya taɓa rasa ɗan tsako? Ka taɓa ganin mai baƙin baki a sheƙa?"

Muka yi roƙon duniya, ta ce littafi ya ƙarasa mana. Har ta koma ga Allah ba ta sake ɗauko ta ba.

Ashe abin da masana ke ta musu a kai, da awon jini da taro kan taro, tsohuwa ta gama shi tana gadin kaji! Na rubuta biyu a rahoton.

Da na koma gida na tara yarana, na zuba musu tatsuniyar har bakin rafi. 'Yar autata ta ce, "Baba, sai ta ce me?"

Ni da ko a layin sayen fetur bakina ba ya hutawa, ranar sai dai na sosa ƙeya: Kaka ta tafi da ƙarshen tatsuniyarta.