Wandon Yakubu

Cikin shekara talatin da na yi ina gyaran tufafi a kasuwar Mayahi, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda wandon Yakubu ya gagare ni. Ku da kuke kan keken ɗinki yanzu, ku ji yadda aka yi.

Bana shekara huɗu ke nan, bayan girbin gero. Yakubu manomi ne, Kirista, daga Gidan Amumune. Tun yana saurayi nake yi mishi faci. Ya sauko daga kabu-kabu da leda a hannu, ya ce, "Baba Isuhu, ka rufa mini asiri. Jibi za a ɗaura auren ɗana a majami'a." Sabon wando ne ɗinkin kanti, mai sheƙi. Sau ɗaya ya gwada shi, ya tsuguna, wandon ya yage daga baya.

Ƙa'idar aikinmu sananniya ce. A warware ɗinkin da ke gefen yagar, a sa ƙyalle ta ciki, a bi sau biyu, a goge. Na bi, sai yadin ya tsage ta layin allurar. Na sauya ƙaramar allura, ya sake tsagewa. Na aje keken na kama da hannu, ya ɗan riƙe. Da na aza dutsen guga, wurin ya narke ya manne kamar leda. 

Na ce, "Yakubu, ina babbar rigar mahaifinka ta saƙi, wadda na sake wa wuya sau uku? Kawo ta, gobe in gyara ma."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, yara sun ce faci abin kunya ne. Tun bara suka zubar da ita a bola."

Bai yi mini faɗa ba. Ya yi godiya, ya jefa wandon a kwandon tsummana, ya nufi masu bosho, wato gwanjo, ya nemi wani. Ban ƙara ganin shi da kayan gyara ba.

Abin da na gane shi ne, sana'armu tana buƙatar yadi mai riƙe zare da mutumin da bai jin kunyar tsohuwar rigarshi. Duka biyun sun ƙare a gabana. Da damina ta zo, na kulle keken na koma gona.