Waken Madam

Wake dai a Damagaram da gishiri muka san shi, da mai da yaji. Ban taɓa jin an sa masa sukari ba sai da aure ya kai ni unguwar Zango a Zinder, inda katanga ɗaya ta raba mu da wasu 'yan Dahome. Mijin yana aiki a gidan waya, matar kuwa Madam kowa ke ce mata. Kiristoci ne. Da Sallah mukan aika musu tuwo da nama. Su kuma a ƙarshen azuminsu akwai wata Juma'a da ba sa cin nama, ranar take aiko mana da kwanon wake.

Ba irin namu ba ne. An dafa shi ya narke, an tace, ya yi kauri kamar kunu, da ruwan kwakwa da kanumfari da sukari. Ni na karɓi kwanon a shekarar farko, na lakato da yatsa a zaure na lasa. Wannan lasar ita ce duk rabona, kuma har yau tana bakina. Na tsufa ina gwadawa, kunun wake kawai nake samu.

Duk abin da ya shigo gidan, ɗakin uwar mijina yake fara zuwa. Inna ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Baiwar Allah, babu wanda ya koya mata." Ta sa aka kawo gishiri, ta barbaɗa yaji, ta zuba man gyaɗa, ta marmasa daddawa. Wai gyara take yi. Mijina ya kai loma ɗaya ya tuna ana jiransa a waje. Yara ma suka ƙi. Awaki suka samu.

Kwanon maƙwabta ba ya komawa fanko. Inna ta cika shi da gishiri da kanwa da barkono, ko Madam za ta gane ba tare da an kunyata ta ba, ta haɗa da saƙon cewa mun ci har mun yi santi. Madam ta ji daɗi ƙwarai. Da shekara ta zagayo, ta aiko da kwanon da ya fi na bara girma.

Haka aka yi ta yi, ina tsaye ina kallo, takaici kamar in yi kuka. Matar ɗa ba ta ce wa uwar miji ta ajiye gishiri. Sau ɗaya na daure na ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ko a bar shi yadda ya zo?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe ke ma ba ki iya ba?"

Da na ga babu mafita, sai na leƙa ta katanga na roƙi Madam ta koya mini. Ta ce ba a dafa shi sai wannan Juma'ar, in zo da safe in gani da idona. Juma'ar ta zo ta same ni a gidanmu a Takieta, ina wankan jego. Na ce to, sai baɗi.

Lokacin Faransawa sun riga sun bar mulki. Kafin azumin su Madam ya dawo, gwamnatinmu da tasu suka saɓa, aka ce ma'aikata 'yan Dahome su koma ƙasarsu.

Ranar tafiyarsu kamyo, babbar motar kaya, na ƙofar gida, ana ta loda kaya. Na ajiye kunya na tare Madam da goyo a bayana.

"Madam, waken nan, faɗa mini ko da baki ne."

Ta yi dariya, ta riƙe hannuna, ta ce da guntuwar Hausarta, "Ke, shekara nawa kuna ci? Bakinki ya sani."

Me zan ce mata, ga Inna tsaye a gefena? Direba ya yi ham, Madam ta hau.

Muna tsaye har motar ta sha kwana. Inna ta share hawaye da bakin mayafinta.

"Allah sarki," in ji ta, "ta tafi ba ta koyi dafa wake ba."