Alƙali Sidi da Gidan Kafinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune Ƙofar Taramniya bayan La'asar wani mai keke ya tsaya ya ce Alƙali Sidi ya cika a Dundaye, inda ya koma noma tun da anka tuɓe shi. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ni mantawa, kuma sai na faɗe shi.

Lokacin da anka yi kashe-kashe, maƙwabcina Emeka kafinta ya tsere da iyalinsa. Bayan yaƙin basasa ya komo da ɗiya guda, sauran duk sun mutu. Ya iske wani ɗan kwangila mai abokai cikin soja ya shige gidansa, har ya sake fenti.

Gaban alƙali, ɗan kwangilan ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse gidansa ne. Mutane sunka ce shari'a ta ƙare, don wa zai ɗauki maganar baƙo bisa rantsuwar Musulmi? Alƙali Sidi ya ce, "Alhaji, ba ni ba ka Littafi ka halaka kanka alhali maƙwabta na da rai."

Da ƙafa ya taka har gidan. Ya kira mu huɗu, na gabas da yamma, kudu da arewa. Ya dube ni ya ce, "Baba Umaru, wa ya gina wanga bango?"

Na ce, "Allah shi gafarta malam, Emeka ne. Ni na ara mai jakina."

Nan take alƙali ya maida Emeka gidansa. Kafin damina anka raba Alƙali Sidi da kujera. Bai yi ƙorafi ba. Ya kan ce, "Bindiga ta yi shiru, amma yaƙi bai ƙare ba sai kowa ya kwana gidansa."

Jiya wurin jana'iza Emeka na tsaye nesa, hula a hannu, yana kuka. Ɗan kwangila ya ɗaukaka ƙara, har yau ba a yanke ba. Cikin shaidu huɗu ni kaɗai na rage. An aiko min sau da yawa in ce tsufa ya sa na manta. Ban manta ba.

Allah ka jiƙan Sidi, ka haskaka kabarinsa, ka rufa asirin iyalin da ya bari. Ni kuwa ka ara min kwana har ranar da za a kira ni shaida.