Runduna Ba Sarkin Yaƙi

Duk Alhamis wani mutum yana tsaye a shagon 'yan sojojin roba da ke ƙasan benenmu a unguwar Shubra. Ƙato da furfura, farce duk fenti, wai wasan yaƙi yake yi da su a kan tebur.

Yana miƙa wa mai shago waya. "Dubi kuɗin sarkin yaƙin nan a Turai. Nan kun ninka uku. Zinariya kuke shafa masa?"

"Yallaɓai, kai kukanka kwastan. Ko ka yi iyo ka sayo can."

Ya juya kwalin sarkin yaƙin, ya mayar. Da gani rundunarsa ta cika, jagora kawai ta rasa, albashin kuwa ba ya motsi.

Ya sunkuya ya tsinci murfin kwalba, ya goge da hannun riga, ya jefa aljihu. Wannan makon ma murfin ne zai ja rundunar.