Ranar da Mama Ta Daina Cewa Olsa Ce

Duk sanda faɗuwar gaba ta taso mini, numfashi ya sarƙe, sai Mama ta ce wa matan zumuntar cocinmu wai olsa ce. Haushi kamar ya kashe ni.

Amma ita ta raka ni tun daga Samaru har wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na tambaye shi ko maganin da zai ba ni zai mayar da ni mai gyangyaɗi a zaune. Ya ce da kaɗan za mu fara. Mama sai murza bakin zanenta take.

Ran Lahadi a coci wata ta ce, "Ya olsar 'yarki?"

Mama ta kama hannuna. "Ba olsa ba ce. Tsoro ke kama ta, kuma tana shan magani."