Katifar Iska a Kan Gadon Ƙasa

Shekarar da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, a cikinta Baba ya rasu. Ranar da mutanen Bauchi suka yi ta tururuwa zuwa fili don su ga sabuwar tuta, ni ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwar kwana uku, kiɗa yana iso mu daga nesa. Ban san lambar shekarar ba a lokacin. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fito mini, sannan malaminmu ya rubuta mana ita a allo. Shi ne kuma ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa faruwa da shi, kada ya yi gaggawa. Ni dama ba mai gaggawa ba ne.

Shekara shida na yi ina yi wa wani Bature likitan dabbobi aiki. Ya ɗauke ni ne don ina jin Fulatanci. Mu asalinmu makiyaya ne, sai da ciwon bushiya ya share garken kakanmu aka shigo gari aka zauna. In mun fita rangadin allurar shanu, ni ke yi masa tafinta a ruga, ni ke kafa tanti, ni ke hura masa katifa. Katifar ta roba ce, koriya. In an naɗe ta ba ta fi buzun sallah girma ba, amma in ta sha iska sai ta ɗauki ƙaton mutum. Tana da ɗan baki a kusurwa mai abin toshewa, da famfo wanda ake takawa da ƙafa.

A farkon daminar shekarar ya ce mini zai koma ƙasarsu. A lokacin Baba ya yi wata huɗu a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kwanciya kuma ta fara cin ƙugunsa. Da farko wurin ja ya yi, daga baya ya sale, ya zama gyambo kamar faɗin tafin hannu. Malamin asibiti da ya zo ya duba ya ce magani kaɗai ba zai yi ba. Muddin ƙashin yana danne a kan abu mai tauri, gyambon zai yi ta ƙara zurfi, in kuwa ya kai ƙashi sai dai addu'a.

Na gaya wa Baturen wannan ranar da muke ɗaure kayansa. Sai ya sa aka kwance wani akwati, ya ciro katifar ya miƙo mini. Famfon ya riga ya tafi cikin kayan da mota ta kwashe tun jiya.

"Sai ka hura da baki," in ji shi. "Kana da ƙirji."

Direba yana ta danna ham a waje. Baturen ya yago takarda daga littafinsa, ya yi rubutu layi uku a tsaye, ya ba ni ya ce in kai a karanta mini. Na karɓa da hannu biyu. Na tabbata a raina takardar shaida ce, don kada ɗan doka ya gan ni da kayan Bature ya ce sata na yi. A gida na nuna wa Baba. Ya riƙe ta da hannun hagu, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi ajami ya sani, wannan rubutun Nasara ne. Akwai wani akawu a unguwarmu, gida biyar tsakaninmu. Ban je ba. Na ji nauyin in tsaya a gaban wanda na girma ina roƙon ya karanta mini abin da nake ganin na riga na sani. Na linke takardar na sa a jakar fata, na rataye a ɗaki.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya kallon idonsa in yana magana. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wancan?" In muna biyu sai ya ce, "Kai." Ban taɓa ɗaukar haka ƙiyayya ba, domin kakana ma haka ya yi wa nasa ɗan farin. Amma akwai tazara a tsakaninmu wadda ba wanda ya taɓa ƙetarewa.

Ranar farko a tsakar gida na hura katifar. Na durƙusa na kama bakinta da leɓɓana, ina hurawa ina toshewa da yatsa in ja numfashi. Robar tana da ɗaci da wani wari kamar na sabuwar taya. Kafin ta kai rabi jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas. Gwaggo, yayar Baba da ta zo jinya daga Zungur, tana tsaye a kaina riƙe da ƙugu.

"Ji kumatu kamar na mai algaita," in ji ta. "Shekara shida a gidan Nasara, abin da aka sallame ka da shi ke nan? Salkar da babu ruwa?"

"Gwaggo, ki bari ta cika ki gani."

"Ina gani. In ka suma dai ba ni da ƙarfin jinyar mutum biyu."

Da ta cika muka shimfiɗa ta a kan gadon Baba. Gadon ƙasa ne irin na tsofaffi, an gina shi jikin bango, da rami a ƙarƙashinsa inda ake zuba garwashi lokacin sanyi. Muka ɗora zane a kai, ni da ƙanena muka ɗaga Baba muka kwantar. Ya ƙanƙame hannuna da hagunsa, don katifar tana motsi a ƙarƙashinsa kamar kwale-kwale. Can ya saki jiki. Ya tambayi Inna me aka cusa a ciki, audugar rimi ce ko me.

"Numfashin wancan ne," in ji Inna.

Baba ya lumshe ido.

Katifar ta tsufa, tana sace iska kaɗan-kaɗan. Saboda haka kullum bayan sallar asuba da bayan la'asar sai na ƙara mata, Baba yana kwance a kai, don ɗaga shi wahala ne gare shi. Bakinta yana kusurwar da ke kusa da kafaɗarsa ta hagu. Sai in durƙusa a gefen gadon, kaina dab da kunnensa, in yi ta hurawa ina jin jikinsa yana ɗagowa a hankali. Tun ina yaro ban taɓa kusantarsa haka ba. Ina jin ƙamshin man shanun da Inna ke shafa masa, ina jin tasbihinsa ƙasa-ƙasa. Kwanakin farko bango yake kallo har in gama. Wata safiya sai ya ce, "Kai, ka riƙa yin bisimilla kafin kowace hurawa. Abin da za a kwanta a kai ne." Daga ranar nake yi. Aikin ya ƙara tsawo, amma jirin ya ragu, don ina samun hutu tsakanin numfashi da numfashi.

Bayan mako uku gyambon ya daina ruwa, gefensa ya fara tsukewa. Malamin asibiti ya danna katifar da yatsa, ya ce ko su a can ba su da irinta, mu riƙe ta da kyau. Gwaggo da kanta ta daina kiranta salka. Ranar da aka yi wata guda, ina cikin hurawa na ji abu a kaina. Hannun Baba ne na hagu. Ya ɗora shi a kan hulata, bai ɗauke ba har na toshe bakin katifar. Daga nan kullum haka yake yi. Ba mu taɓa maganar ba, ni da shi.

Sai marka ta kama. Kwana huɗu rana ba ta leƙo ba, bangon ɗaki ya jiƙe, tabarmi suka yi sanyi. Da hantsin rana ta huɗu Baba ya fara rawar ɗari, haƙoransa suna haɗuwa. Muka lulluɓe shi da gwado biyu bai daina ba.

"Me kuke jira?" in ji Gwaggo. "Ga rami a ƙarƙashin gado, ga wuta a murhu. Haka aka yi wa ubanmu, haka aka yi mini duk haihuwata. Tashi ka ɗebo garwashi."

Ba zan ɗora mata laifi ba. Abin da ta faɗa shi kowa a unguwar zai faɗa. Ni da na yi shekara shida tare da katifar ban ga aibun abin ba, don a tanti ba a taɓa kawo wuta kusa da ita ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Ni na ɗauki kasko, ni na zaɓo garwashin kirya mai daɗewa, ni na tura shi can cikin ramin. Da na ga rawar ɗarin ba ta tsaya da wuri ba na ƙaro kasko na biyu.

Gadon ya ɗauki ɗumi. Baba ya daina karkarwa, barci ya ɗauke shi, muka yi hamdala muka fito tsakar gida. Wajen azahar Inna ta ce tana jin ƙauri. Kafin in kai ƙofar ɗakin na ji ƙara kamar an yage sabon ƙyalle, sai Baba ya yi salati. Na tarar da shi ya nutse, ƙugunsa a kan ƙasa mai zafi, iskar da na hura da asuba tana fita ta gefensa. Zafi ya kumbura katifar har ta yi tauri, ƙasanta ya yi laushi ya manne da gadon, ɗinkin tsakiya ya buɗe tsawon kamu biyu. Muka ɗauke shi da sauri. Bai ƙone ba, zanen ya tare. Amma da muka ɓamɓaro katifar, wani sashenta ya zauna a jikin gadon.

Washegari na kai ta wurin mai facin keke a bakin kasuwa. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wannan ai gasa ta kuka yi," in ji shi. "Ni huda nake toshewa, ba na ɗinke tsire."

Na roƙe shi ya gwada. Ya yanko robar cikin taya, ya kankare, ya shafa sholisho, ya manna, muka jira ya bushe. Na hura a nan gabansa, mutane sun kewaye mu suna kallo. Ta ɗauki iska har rabi, sai gefen facin ya buɗe, don robar wurin ta mutu. Sau uku muka yi a kwana uku. A na ukun ya ƙi karɓar komai, ya ce in yi haƙuri.

Muka koma abin da muka sani. Muka cusa audugar rimi a buhu, muka ɗora buzu, muna juya shi safe da rana da yamma. Audugar takan dunƙule cikin kwana biyu. Gyambon da ya rage kamar bakin ludayi ya sake buɗewa, ya yi zurfi, zazzaɓi ya biyo baya. Duk da haka bayan asuba ƙafata takan kai ni gefen gadon, in durƙusa, sai in tuna babu abin hurawa. Sai in gaishe shi in tashi. Shi kuma ya koma kallon bango, don babu sauran dalilin da zai sa ɗan fari ya zauna kusa da kan ubansa. Sau ɗaya na ji ya tambayi Inna, "Wancan bai samu an gyara ba?" Ta ce ana nan ana nema. Bai sake tambaya ba. Ranar Laraba da hantsi ya cika. Na san ajali ne, kuma ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba.

Takardar ta yi shekara ashirin da wani abu a jakar fata. Bara, da muka gama littafi na biyu a aji, na ɗauko ta ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta yi ja, linkin ya kusa raba ta. Ashe da Hausa ya rubuta, da manyan baƙaƙe, yadda mai koyo zai iya bi. Na ɗora yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Layin farko ya ce kada a ajiye ta kusa da wuta ko a rana mai zafi. Na biyu ya ce kada a cika ta har ta yi tauri. Na uku ya ce ya ba ni ita kyauta. Wannan na ukun shi kaɗai na yi tsammani, shi kuwa ba wanda ya taɓa tambayata.

Na ƙirga abin da ya tafi. Katifa ɗaya, wadda ta yi mana kwana arba'in da huɗu. Gyambo ɗaya da ya kusa rufewa. Safiya goma sha huɗu da yamma goma sha uku da hannun Baba ya zauna a kaina. Kwana talatin da shida da ya yi bayan haka yana kallon bango. Sai Baba. Tsakanin ƙofarmu da ta akawun, gida biyar ne.